Sai Ruwa Ya Sauka Ƙasa da Jan Layi

Alkawarin da Ma'azu ya yi wa mahaifiyarsa ba wani babba ba ne, shi ya sa ma ya yi shi da gaba gaɗi. Ya ce mata idan likita ya cire mata yanar ido, zai kai ta wata 'yar hanya a bakin kogi, can ƙasan Panyu a ƙasar Sin, inda mutum ke tafiya ruwa yana gefen ƙafarsa. Ba irin manyan hanyoyin nan na sama ba masu shingen ƙarfe, da za ka tsaya kana leƙen kogi kamar mai leƙen rijiya. Wannan sai an sauka matakala, an shimfiɗa ta da duwatsu, idan ka sunkuya hannunka zai taɓa ruwa.

Inna Mas'uda 'yar masunta ce daga Argungu. Shekara shida ke nan ba ta ga ruwa ba, sai dai ta ji ƙarninsa idan iska ta kaɗo daga gulbi. Ko maƙwabta za ta shiga sai an riƙe mata hannu. Ma'azu shi ne autanta, wanda ya ajiye homa da gora tun yana ɗan sha bakwai ya nufi Kano, daga Kano ya faɗa Legas, daga can ƙafa ta kawo shi Guangzhou. Yanzu yana wani ofishin tura kaya a ginin Tianxiu, yana auna kwali yana rubuta sunan mai shi da jan alƙalami. A gida kuwa har yau idan an tashi tsokanarsa ɗan masuncin da bai san ruwa ba ake ce masa.

Sau ɗaya tak ya taɓa ganin hanyar. Da safiyar ƙaramar Sallah ce, an sauko daga idi, shi kuma ba ya iya zama wuri ɗaya, ya hau bas ya sauka inda bai sani ba, ya ga ƙofa a buɗe ya bi. Ya ɗauki bidiyo ya tura gida. Inna ba ta iya ganinsa ba, amma ta sa an kunna mata ta kara a kunne, ta ce wannan ruwan mai nauyi ne, ba ya gaggawa. Tun daga ranar take tambayar hanyar kamar wata 'yar'uwa da ke can.

Ya kawo ta Guangzhou aka yi mata aikin, ya kuma yi kyau, ido biyun duka. Ranar da aka cire audugar ƙarshe Inna ta daɗe tana kallon Ma'azu, sannan ta ce ashe har ya yi gemu, kuma gemun bai yi masa kyau ba. Likita ya ce ta huta, ta sa baƙin tabarau, kada ruwa ya shiga idon. Da ya ba ta izinin fita, saura kwana biyar jirginta ya tashi. Ranar Asabar ce, jirgi kuma Alhamis.

Su uku suka tafi, da Barmo, abokin Ma'azu, mutumin Maraɗi mai sayen kayan sola. Tun ranar da Inna ta ji Bakatsinen Maraɗi ne ta daina kiran sunansa, wasan Kabawa da Katsinawa ya tashi sabo fil a ƙasar Sin. Suna cikin tasi yana faɗa mata cewa ya zo ne don kada Kabawa biyu su ga ruwa su manta da jirgi. Ita kuma ta ce ya zo dai ya ga yadda kogi yake, tunda gulbinsu na Maraɗi rairayi ne wata tara.

Sun isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ƙofar ƙarfen a rufe take da kwaɗo. Ma'azu ya leƙa. Matakala uku kawai ake gani, sauran duk ruwa ya shanye, hanya kuwa ko alamarta babu. Ruwa ne jaja-jaja shimfiɗe har gindin bango, kainuwa na yawo a kai.

Akwai wani tsoho mai gadi a ɗan ɗaki kusa da ƙofar, da gorar shayinsa da ƙaramar rediyo. Ma'azu ya gaishe shi da lawban, kamar yadda yake kiran duk wani mai shago, ya nuna masa bidiyon. Tsohon ya kalla, ya kaɗa hannu ya ce meiyo, babu. Sai ya fito ya nuna musu wani dogon turke a cikin ruwa mai lambobi a jikinsa, ya yi alama da hannu cewa can ƙasa akwai jan layi, idan ruwa ya sauka ƙasa da shi yana buɗewa, idan ya hau yana rufewa. Ya rubuta lambar layin a bayan wata takarda. Ya kuma ƙwanƙwasa wani allo da ke jikin bango, mai ɗan zanen nan da ake haskawa da waya. Ma'azu ya haska, shafi ya buɗe: lamba ɗaya babba, tsayin ruwa a wannan sa'ar, ƙarƙashinta kuma wani zane mai hawa da sauka.

Lambar kawai Ma'azu ya kalla. Ta fi ta takardar da mita ɗaya da wani abu. A gida idan gulbi ya cika haka, sai a yi makonni kafin ya janye, kowa ya san wannan. Ya ce lallai an buɗe dam ne a can sama. Bai iya kallon Inna ba. Ita kuwa ta riƙe ƙarfen ƙofar tana kallon kainuwa ta cikin baƙin tabarau. Da suka juya za su tafi sai ta kira shi.

"Auta, ina ne sama a kogin nan?"

Ya nuna mata hagu, inda gari yake.

"To me ya sa ciyawar take tafiya can?"

Ya ce iska ce. Ta ce to.

Da la'asar ɗin ranar ya sake duba wayar don ya ƙara wa kansa haushi, sai ya ga lambar ta sauka sosai. Ya ɗauka shafin ne ya lalace. Washegari Lahadi ya wuni yana dubawa: da safe tana hawa, da azahar ta fara sauka. Bai yi wata-wata ba ya ce Inna ta shirya. Suka je suka zauna a benci, ruwa yana ja da baya a gabansu, matakala na fitowa ɗaya bayan ɗaya, jiƙaƙƙu, masu gansakuka. Ta bakwai ta fito, ta takwas ta fito. Jan layin ya fara nunawa a ƙarƙashin ruwa kamar zare. Sai rana ta faɗi, ƙarfe shida ta yi, tsohon ya rataya gorar shayinsa a kafaɗa ya ɗaga musu hannu ya hau kekensa. Inna ta ce ba komai, ai ta ga matakala, kuma yau ciyawar ta canza shawara, dama take yi.

Litinin ta fi ba shi haushi. Bayan asuba ya duba, wajen ƙarfe bakwai lambar ta nutse ƙasa da ta takardar. Ya miƙe yana neman takalmi yana cewa Inna ta taso. Amma Inna ba a yi mata gaggawa. Sai da aka ɗiga mata maganin ido na farko, aka jira, aka ɗiga na biyu. Sai da ta sha shayi. Sai da ta canza zani, don ta ce ba za ta je gaida kogi da zanin barci ba. Suka faɗa cunkoson masu zuwa aiki. Ƙarfe tara saura suka isa, tsohon yana cikin murɗa kwaɗo, ruwa ya riga ya lashe duwatsun. Da ya gan su ya yi dariya har da riƙe ciki, ya faɗi wata doguwar magana. Ma'azu ya kara masa waya ta fassara, wayar ta ce gobe babban ruwa, gobe ƙaramin ruwa. Ya mayar da ita aljihu.

Talata da safe likita zai yi mata dubawar ƙarshe. Alhamis tafiya. Laraba kaɗai ta rage, kuma shafin nan abin da ya wuce kawai yake faɗa, ba ya faɗin na gobe. Idan ka jira lamba ta sauka kafin ka fito, ka makara.

Da yammacin Litinin ɗin Barmo ya zo gidan da gasasshen kifi a leda, ya zauna a tabarma ya warware musu matsalar baki ɗaya. Ya ce shi ya gane tun ranar farko. Mutanen nan ba abin da suka bari haka nan, har kogi ma famfo suka sa masa. Akwai ma'aikaci a can sama, yana buɗewa idan ya zo aiki, ya rufe idan zai tafi cin abinci. Abin da ya kamata kawai shi ne a nemo lambar wayarsa. Ya ce wala, da Faransancinsu na Maraɗi, magana ta ƙare. Inna ta ce Allah ya shirya Bakatsine, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce randa ba shi ne zai yi wa kogi fassara.

Ma'azu bai yi dariya ba. Ya ajiye wayar a tabarma yana cin kifin ba tare da jin ɗanɗanonsa ba. Inna ta cire tabarau, ta jawo wayar kusa, ta ce ya ƙara mata girman wancan zanen na ƙasa, mai kama da kunyoyin gona. Ya ce ba wani abu ba ne, tsayin ruwan kwanakin baya ne, sama cika, ƙasa janyewa. Ta ce ai shi take so. Ta tambaye shi daga ina zuwa ina ne kwana ɗaya. Ya nuna mata. Ta sa yatsa ta ƙirga: kunya biyu. Ta ƙirga na gaba, biyu. Na gaba ma biyu.

Ta ce ya faɗa mata lokacin da ruwan safe ya kai ƙarshen janyewa ranar Asabar. Ya duba ya ce biyar da rabi. Lahadi fa? Shida da wani abu. Yau? Bakwai da 'yan mintuna. Inna ta gyaɗa kai a hankali, ta ce ya matse zanen ta ga na wata guda gaba ɗaya. Kunyoyin suka taru a fuskar wayar, sai ga shi ba tsayinsu ɗaya ba. Suna girma, su ƙanƙance, su sake girma, su sake ƙanƙancewa, yanzu kuma ga su sun fara miƙewa.

Ta ɗora yatsa a kan dogayen farko ta ce wace rana ce nan. Ya faɗi kwanan watan Bature. Ta ce ita ba ta san wannan ba, ya faɗa mata me aka yi a ranar. Ya yi tunani ya ce ranar tana Kano, washegari za ta hau jirgi. Ta ce ranar tana azumin tsakiyar wata, na sha huɗu, ba za ta manta ba don da ruwan leda ta buɗe baki a tasha. Ta matsa zuwa dogayen na biyu. Ya ce washegarin aikin idon farko ne.

"Ranar da ka shigo ka ce min an ga wata a gida."

Barmo ya daina tauna.

"Ranar da ka ɗauko min bidiyon nan fa, Auta, nawa ga wata?"

"Ranar Sallah ce, Inna."

"Ɗaya ga wata ke nan. Da hantsi." Ta mayar da tabarau. "Ba famfo ba ne. Ruwan nan wata yake bi. Kullum yana makara kaɗan, kamar yadda wata yake makarar fitowa. Yau sha biyu. Laraba sha huɗu. Mu kasance a bakin ƙofar nan takwas da rabi."

Ma'azu ya karɓi wayar ya sake dubawa, hankalinsa bai kwanta ba. Ya nuna mata cewa a irin waɗannan kwanakin ne ruwa ya fi cika, dubi yadda kawunan suka yi sama, sun kusa taɓa rubutu. Ta ce ya daina kallon kawuna ya kalli ƙafafu. Ya kalla. Inda kan kunya ya fi tsawo, nan ne kuma kwarin ya fi zurfi, ya nutse can ƙasa da lambar takardar, ya daɗe a can.

Sai a lokacin ya tuna cewa ta wannan kogin kwantenoninsu ke bi su fita teku. Kowane mako yana rubuta wa mutane cewa kayansu sun bi ruwa, bai taɓa tambayar nisan tekun daga nan ba. Inna ba ta taɓa ganin teku ba a rayuwarta. Ta ce ko ma mene ne a can ƙasa, babba ne, tunda har yana iya tura kogi ya koma inda ya fito. Barmo ya ce shi dama bai ce ba wata ba ne ke riƙe da famfon.

Talata likita ya duba ya ce ido lafiya lau. Ma'azu ya fito daga asibiti ya leƙa waya: ruwan safe ya kai ƙarshen janyewa kusan ƙarfe takwas. Bai faɗa wa kowa ba, amma a jirgin ƙasa na metiro ya kama kansa yana murmushi.

Laraba ba a yi gardamar shiri ba. Inna tana azumi, babu zancen shayi, magani kuma an ɗiga tun da wuri. Ta ɗaura shuɗin zaninta na atamfa. Barmo ya zo da fulas ɗin shayi da ƙaramin kofi, ya ce ai shi matafiyi ne, shekara tara ke nan yana kan tafiya. Da sanyin safiya suka fita, kafin titi ya cika. A cikin tasi Ma'azu ya ciro waya sau biyu, sau biyu Inna tana cewa ya mayar, lambar ba za ta ƙara musu gudu ba.

Tun daga nesa ya hango ƙofar a wangale. Tsohon yana tsaye a bakinta, da ya gan su ya tafa hannu. Ruwa ya ja baya, baya sosai, har ya wuce inda Ma'azu ya gani ranar Sallah. Turken awo yana tsaye tsirara, jan layin yana sama da ruwa da kusan kamu biyu. Matakala goma sha huɗu, duka a waje. Ga hanyar nan kwance tana sheƙi, ta bi gindin bango ta lanƙwasa ta ɓace bayan wasu bishiyoyi masu saiwa a waje.

Tsohon ya shiga ɗakinsa ya fito da kalandar bango, ya nuna musu wasu ƙananan rubutu a ƙarƙashin kwanan wata, ya ɗaga yatsu: goma, sannan shida. Ya zana da'ira a iska ya nuna sama. Inna ta gane shi kafin Ma'azu. Ta girgiza kai ta ɗaga nata: goma, sannan huɗu. Ya ce shida. Ta ce huɗu. Suka tsaya suna nuna wa juna yatsu suna dariya, babu mai jin yaren wani. Daga ƙarshe ta ce wa Ma'azu ya faɗa masa cewa su ba sa jiran a ga wata ne shi ya sa suke riga mutane da kwana biyu, amma dai watan ɗaya ne. Ma'azu bai san yadda zai faɗi wannan ba, sai ya ce masa shiyeshiye, ya gode.

Ya riƙe mata hannu a matakala saboda santsi. Tana sauka tana ƙirgawa. Da ƙafarta ta taka duwatsun ta tsaya ta ja numfashi. Ƙarnin taɓo ya cika wurin. Bayan duwatsun akwai laka baƙa mai laushi, ƙananan ƙaguwa sun fito sun cika ta, kowace da hannu ɗaya babba tana ɗagawa kamar mai gaisuwa. Inna ta ce dube su, sun yi ta murna kamar an raba musu goro. Sai ta hango wani abu ya yi tsalle a kan lakar, ta sunkuya. Kifi ne, ɗan ƙarami, idanunsa a kan ka, yana jan jiki da fikafikansa a kan tudu ba abin da ya dame shi.

"Bakatsine, zo ka ga ɗan'uwanka. Kifi ne amma ya fi son rairayi."

Barmo ya zo da kofinsa a hannu ya duba, ya ce wannan ai Bakabe ne da ya zo Sin ya ƙi komawa ruwa, a tambayi Ma'azu.

Ta tsuguna a bakin dutse ta yi bismillah ta sa hannu a ruwan, ta bar shi ya daɗe a ciki. Ma'azu yana tsaye a kanta yana tuna mata kada ta kai shi ido. Ta fitar da hannun ta sansana, ta goge a gefen zani. Da ta miƙe ya miƙa mata nasa hannun kamar kullum. Ba ta karɓa ba. Ta gyara mayafi ta wuce gaba.

Ya tsaya yana kallon bayanta. Tana tafiya a hankali, tana zaɓen inda za ta taka, tana tsallake 'yan kududdufan da ruwa ya bari, ba ta laluben komai. Barmo ya buɗe baki zai yi wata tsokanar, ya kalli fuskar Ma'azu, ya kurɓi shayinsa kawai. Suka bi ta a baya. Ita ke nuna musu abubuwa: farar balbela can a tsallake, wani jirgin yashi da ke wucewa ya nutse har wuya, layin da ruwan jiya ya bari a jikin bango sama da kawunansu. Suka wuce bishiyoyin, suka wuce wata gada, hanya ba ta ƙare ba, ita ma ba ta gaji ba.

Sun yi tafiyar kusan rabin sa'a sai ta tsaya ta kira shi. Ta nuna masa wani curin kainuwa a tsakiyar kogi ta ce ya faɗa mata me ya gani. Ya kalla da kyau. Ɗazu duk dama suke yi. Wannan kuwa ya tsaya cak, yana juyawa a wuri ɗaya. Can sai ya fara matsawa hagu, kaɗan-kaɗan.

"Ya juyo, Inna."

"To ai ka san ruwa. Mu koma."

Suka juya. Ma'azu ya ciro waya ya duba, lambar tana nan inda take tun ƙarfe tara, ba ta san komai ba tukuna. Sai da suka hau matakala suka zauna a benci, tsohon yana zuba wa Barmo nasa shayin mai ganye Barmo yana yatsine fuska, sannan ta motsa ta ƙaru kaɗan. Ya nuna wa Inna. Ta ce ya bar ta, ita ma tana ƙoƙari.

Suka zauna har ruwa ya taɓa jan layi. Inna ta ce idan ta isa gida za ta faɗa musu akwai kogin da ke zuwa ya koma sau biyu a rana, kuma ta san ba wanda zai yarda. Ma'azu ya ce ai ya ɗauki bidiyo. Ta ce ya tura mata, wannan karon da idonta za ta kalla.